Baitaliyen da Ya Cinye Mini Tuwita Biyu

Ennio Morricone mutum biyu ne cikin riga ɗaya. Na farko shi ne wanda iyayenmu suka sani ko da ba su riƙe sunansa ba: mai kiɗan finafinan kaboyi na Sergio Leone a shekarun 1960, kiɗan nan mai ɗauke da fiton baki, ƙarar bulala da ƙararrawa, wanda dattawan da suka yi zamanin sinimar Plaza a Fagge har yau suke iya bi da baki. Na biyun almajirin Goffredo Petrassi ne a makarantar kiɗa ta Santa Cecilia da ke birnin Rum, wanda ya rubuta ayyuka sama da 100 da babu ruwansu da fim, irin waɗanda ake zama a zaure a yi tsit a saurara. Ni sana'ata hayar lasifika, kuma da na biyun na gamu ranar walimar ritayar kawuna.

Umarnin Kawu a fili yake. "Idan na taho daga mota, ka sakar mini fiton nan na kaboyi. Ba na son kiɗan yaran zamani." Na ce an gama, ranka ya daɗe. Ɗansa ne ya ce zai sauke kiɗan daga intanet, sai ya rubuta sunan mutumin, ya kwashe duk abin da ya fito, ya zuba a filash babu suna sai lambobi, ya miƙo mini saura minti 40 a fara.

Kayana ba na wasa ba ne: akwati biyu masu inci 15, kowanne da tuwita (ƙaramar lasifika mai fitar da siririn sauti) a samansa, amfilifaya mai wat 500 kowane ɓangare, miksa mai layi takwas, da janareta da na kai can bayan katanga. Na danna lamba ta ɗaya. Sai na ji ƙiiii, shiru, wani huci kamar mutum na hura bututu, ƙwas-ƙwas sau biyu, shiru kuma.

"Oga, waya ce," in ji yarona.

Na yarda da shi, don sau da yawa ƙarar banza daga waya take. Muka canja wadda ta taho daga kwamfuta zuwa miksa. Ƙarar tana nan. Na matsar da ita daga layi na bakwai da takwas zuwa biyar da shida, na fesa wa madannan man wanke datti, na ja su sama da ƙasa. Tana nan. Na zargi janareta, amma gurnanin wuta ba haka yake ba: shi murya ɗaya yake riƙewa, ba ya tsayawa ya huta, wannan kuwa zuwa take tana komawa kamar da gangan. Daga nan na kwance sukurori takwas na fito da lasifikar hagu, na ɗora mita, ta ba ni om (ma'aunin turjiyar wuta) 6 da ɗoriya, daidai abin da lafiyayyiya mai om 8 take bayarwa. Na danna takardarta da yatsu a hankali ko zan ji kwayil, wato naɗin wayar da ke motsa ta, yana goga. Sumul. Gwajin da ake farawa da shi, wato a soka abin saurare na kunne kai tsaye a kwamfuta a ji ko daga can ƙarar take, shi ne bai faɗo wa kowa ba.

Ashe kiɗan ke nan. Morricone ya daɗe yana busa ƙaho a wata ƙungiya mai suna Gruppo di Improvvisazione Nuova Consonanza, wadda Franco Evangelisti ya kafa a Rum a 1964. Duk mambobinta marubuta kiɗa ne, amma idan sun haɗu ba sa ajiye takarda a gaba, nan take suke ƙirƙira, kuma da niyya suke guje wa duk wani amo da kunne ya saba. A buɗe cikin piyano a karce wayoyinsa, a hura iska a ƙaho ba tare da ta zama busa ba, a ƙwanƙwasa jikin kayan kiɗa. Duk alamomin da aka koya mini na lalacewar kaya, su mutanen nan a kansu suka yi suna.

Na mayar da sukurori, shida suka samu, na tsallaka lamba ta biyu. Nan hankalina ya ɗan kwanta, don goge ne sosai, irin wanda suke kira biyola, mai muryar da ta fi ta biyolin kauri. Sai dai duk abin da mai gogen ya ja, can an jima sai ya sake dawowa, sabon ya hau kan tsohon. Na harari yarona, don shi ke da halin barin eko a kunne bayan ɗaurin aure. Ya rantse. Na murɗe madannin eko har ƙasa, na kashe makirfo biyun da ke kan teburin manyan baƙi ko su ne ke ɗebo sauti suna mayarwa, har na juya akwatunan don kada katangar makwabta ce ke amsawa. Wannan aikin sunansa Suoni per Dino, na 1969, an rubuta shi ne don biyola ɗaya da rikoda biyu masu zare, waɗanda ke ɗaukar abin da makaɗin ya yi su sake shi bayan ɗan lokaci, ya riƙa kiɗa tare da kansa. Ekon da nake farauta tun a Italiya aka ɗinke shi a ciki.

Lokacin an fara cika kujeru. Wani dattijo ya matso ya tambaye ni cikin ladabi ko wurin nan an taɓa yin saukar Alƙur'ani a cikinsa.

Lamba ta uku ta fara da shiru. Lambobin lokaci na tafiya, fitilar miksa ko motsi. Na kasa kunne, can ƙasa na jiyo gogaye da yawa suna rarrafe, janareta ya danne su. A nan tarkon yake. Waƙar da muke sakawa a biki an matse ta tun a situdiyo, farkonta da ƙarshenta kusan ƙarfi ɗaya, ka saita sau ɗaya ka tafi cin abinci. Kiɗan zaure ba a matse shi haka, domin tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa tana cikin abin da ake sayarwa, kuma a faifai takan kai dasibel 40 (dasibel ma'aunin ƙarfin sauti ne). Ni kuma na ƙara dasibel 20 don a ji raɗar. Kowane dasibel 10 ninki goma ne na ƙarfin wuta, ke nan ninki 100 na ɗora wa amfilifaya. Abin da ake yi da irin wannan kiɗa shi ne a fara zuwa wurin da ya fi ƙarfi a saita a can, sannan a sa kwamfiresa, wato na'urar matse sauti, ta danne masu ƙarfi don a samu damar ɗago masu rauni. Tawa kwamfiresar tana shago.

Motar Kawu ta tsaya. Ya fito da babbar riga ta sha aiki, ya gyara hula, ya yi taku uku, sai duk makaɗan suka faɗo lokaci guda, ƙahoni da ganguna da komai. Jajayen fitilu suka kama. Mai rabon lemo ya saki tire. Idan amfilifaya ta kai maƙura takan yanke kan sautin, yankakken sauti kuma cike yake da ƙara mai tsini, ita kuwa kai tsaye tuwita ake tura wa, mai siririn kwayil da ba a yi shi don wannan wahala ba. Kafin hannuna ya kai madanni na ji ƙaurin.

Kiɗan kaboyin yana lamba ta 14. Da na same shi, ganga da jita sun fito ras daga manyan lasifikun, amma bulala da ƙararrawa sun tafi tare da tuwita, fiton kuma ya koma kamar daga cikin rijiya. Kawu ya saurara kaɗan, ya miƙo hannu.

"Ba ni makirfon nan, ɗana."

Shi ya yi fiton da kansa, daga farko har ƙarshe, tsofaffin abokan aikinsa suna yi masa bulala da tafi. Da aka tashi ya kira ni gefe ya ce tunda rabin kiɗan shi ya yi, rabin kuɗin haya zai biya.