Kawu Kafinta da Teburin Cikin Kwamfuta

KAWU: Auta, zo ka gani. Manhajar nan da ka saka mini kwance ce, wani ya riga ya yi aiki da ita. Ga akwatinsa nan ya manta a tsakiya.

AUTA: Sabuwa ce dal, Kawu. Haka Blender, manhajar ƙera siffofin abubuwa a kwamfuta, take buɗewa ga kowa: akwati ɗaya, kyamara ɗaya, fitila ɗaya. Wani mutumin Holan, Ton Roosendaal, ya ƙirƙiro ta, kuma tun 2002 aka sakar wa duniya ita kyauta.

KAWU: Na ga alama. Shi ya sa akwatin ba murfi. Ni dai tebur nake so. Ina zarto?

AUTA: Babu zarto. Da akwatin nan za ku yi. Tsayinsa mita 2, faɗinsa mita 2. Ku danna S, ta girma da ƙanƙancewa ce.

KAWU: Innalillahi! Ya cika ɗakin! Auta, yana zuwa kaina!

AUTA: Ku daina jan linzamin, Kawu. Ku danna ɓangarensa na dama, zai koma yadda yake. Yauwa. Yanzu S, sai Z, don ya lotsa ta sama kaɗai. Layukan ja-gora uku ne: X ja ne, Y kore, Z shuɗi, shi ne mai kallon sama. Ku rubuta 0.1.

KAWU: Kaurin santimita 20? Tebur muke yi ko gada? Sa 0.02, santimita 4 ya isa.

AUTA: Kai, Kawu, ashe kun iya lissafi.

KAWU: Ina auna katako tun ubanka na rarrafe. Kawo ƙafa.

AUTA: Shift da A, ku zaɓi sabon akwati, ku sirantar da shi. Ga 0 a madannan lamba na gefe, ta nan za ku ga abin da kyamara take gani. G kuma ta ɗauka ce.

KAWU: (ya ja, ya ajiye, ya gyara zama) Duba nan. Daidai ƙarƙashin kusurwa. Ko ma'auni ban ɗauka ba.

AUTA: Ku danne tayar tsakiyar linzamin, ku juya mu ga bayansa.

KAWU: Wa ya ɗauke mini ƙafa? Me take yi can a iska ita kaɗai?

AUTA: Nan kuka ajiye ta. Fuskar kwamfuta shimfiɗe take, ba ta nuna zurfi. A madannan lamba na gefe, ku danna 7 ku leƙo ta sama, 1 ta gaba, 3 ta gefe. Sai ta zauna daidai a duka ukun kafin a ce ta zauna. In za ku ja, ku ɗaure ta da layi ɗaya: G sannan X, ko G sannan Y.

KAWU: Ƙyale ta, tana shan iska. Sauran ukun fa?

AUTA: Akwai hanya mai sauƙi. Ku zaɓi saman teburin, ku danna Tab ku shiga yanayin gyara. Kun ga ɗigo 8, layi 12, fuska 6? Ctrl da R ta yanka ce, ku tsaga kusa da kowane gefe, ƙananan murabba'ai za su fito a kusurwa. Ku danna 3 ta saman haruffa, ta zaɓar fuska ce, ku zaɓi murabba'an ƙasan, sai E, ku ja.

KAWU: Subhanallahi! Ƙafa tana tsirowa daga jikin katako! Ba ƙusa, ba gam! Auta, kada ka kuskura yaran aikina su ga wannan.

AUTA: Kawu, me kuka sake dannawa?

KAWU: Durowa nake nema. Na koma Shift da A ɗin nan... A'uzubillahi! Biri! Kan biri a tsakiyar teburina!

AUTA: Suzanne ce, da ita manhajar take zuwa don gwaji. Fuska 500 gare ta.

KAWU: Har suna gare ta? Cire ta. Ina jan tebur tana biyo shi!

AUTA: Ai kuna cikin yanayin gyara kuka kawo ta, sun zama jiki ɗaya. Da kun fita da Tab tukuna, da zamanta daban. Ctrl da Z, a koma baya.

KAWU: (ya danna, ya yi shiru) Ta tafi. Wato in na yanka katako ya gaza, in danna wannan ya dawo?

AUTA: A nan ciki dai.

KAWU: Mutumin Holan ɗin nan ya makara da shekara arba'in.

AUTA: To a dawo da ƙafar can mazauninta, sai Ctrl da S a adana.

KAWU: Danna mini 0 tukuna. Ƙafa nawa ka gani?

AUTA: Huɗu. Amma Kawu, ta huɗun tana can...

KAWU: Mai aikin ya ce hoto zan tura masa. Hoto yana juyuwa?

AUTA: A'a.

KAWU: To adana. In kuma ka buɗe baki, kai zan ce ka sa birin.