Ba kowane zane a bango ne aikin ƴan daba ba

A unguwannin Damagaram, da zarar an wayi gari an ga rubutu da fenti a jikin katanga, sai dattawa su ce ƴan daba sun shigo, wasu kuma su ce al'adar Amurka ce ke lalata mana yara. Maganar ta haɗa abubuwan da ba su haɗu ba.

Gaskiya ne salon rubuta laƙabi da fentin feshi ya bunƙasa a Filadelfiya da Niyok wajen 1970. Amma ƙawata bango namu ne tun kaka da kakanni. Duk mai shakka ya shiga Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ya ɗaga kai ya dubi fuskar tsofaffin gidaje: ga dagi, ga zanen takobi, magina sun fitar da su da hannu tun yaɓen yana ɗanye, sannan aka bi su da launi. Mai gida ne ya kira magini, ya biya shi, har yana alfahari da aikin.

Sunayen da ake gani kusa da inda samari ke shan shayi kuwa, galibinsu sunan fada ne kawai, wato majalisar da samarin ke zama su yi hira. Akwai ɓata-gari masu shata iyaka da rubutu, ba a musu, amma zalunci ne a yi wa dukan samarin kuɗin goro.

Abin da ya dace mai unguwa ya fara tambaya shi ne izini. Wanda ya ɓata katangar makaranta ko ta maƙwabci cikin dare, a sa shi ya goge da hannunsa. Wanda mai gida ya yarje masa, a bar shi ya ƙarasa aikinsa.