A buɗe zaurukan jami'o'inmu ko ba ranar yaye ɗalibai ba

A gefen garin Coventry da ke tsakiyar Ingila akwai Jami'ar Warwick, kuma ginin da mutanen gari suka fi sani a cikinta shi ne cibiyar fasaha da aka buɗe a 1974, shekara tara bayan jami'ar ta fara ɗaukar ɗalibai. A ciki akwai babban zauren kiɗa mai sunan Butterworth, shugaban jami'ar na farko, da dandalin wasan kwaikwayo, da ɗakin baje kolin zane-zane da ake shiga kyauta, da ɗakunan kallon fim uku da aka samar a gyaran da aka kammala a 2021, shekarar da Coventry ta riƙe kambun birnin al'adu na Birtaniya. A wannan gari nake zaune, kuma duk wanda ya zo mini daga gida Najeriya nakan kai shi wurin. Kusan kowa abu ɗaya yake faɗa: ai su suna da kuɗi. Gaskiya ne suna da shi. Amma ni a ganina ba kuɗin ne ya raba mu da su ba.

Abin da ya raba mu shi ne jadawali. Tun kafin zangon karatu ya fara an riga an buga abin da za a yi a kowane dare na watanni masu zuwa, an sa a intanet, an ajiye ƙananan littattafai a bakin ƙofa kowa ya ɗauka. Akwai ma'aikatan da ba su da wani aiki sai wannan: su nemo makaɗa, su tsara finafinai, su sayar da tikiti, su tabbatar fitila da lasifika suna aiki. Ba malaman aji ba ne da aka ɗora wa ƙarin nauyi. Kuɗin gudanarwa kuwa daga tikiti yake fitowa, da aljihun jami'a, da tallafin hukumar raya fasaha ta Ingila. Ko ɗalibai sun tafi hutu wurin ba ya rufewa, domin mutanen gari ba su tafi hutu ba.

Ka shiga farfajiyar da rana tsaka a ranar aiki ka gani. Ga tsohuwa da sandarta ta sauko daga bas ta zo kallon fim ɗin rana. Ga yaran firamare sanye da 'yan riguna masu ƙyalli, malamarsu ta zaunar da su a ƙasa gaban wani babban zane, kowa da fensir da takarda yana kwaikwayon abin da ya gani, wani ya kwanta rub da ciki yana ta goge kuskure. Babu mai gadi da ya tambaye su katin shaida. Yaron da ya saba shiga jami'a tun yana ɗan shekara bakwai ba zai girma yana ganin ta a matsayin gidan wasu ba, kuma wannan kaɗai ya isa dalili.

Wanda ya fi burge ni ma ba wannan katafaren ginin ba ne. Ɗalibai suna da nasu gidan kallon, su suke gudanar da shi da kansu a cikin wani zauren lacca na sashen kimiyya. Da rana ana koyar da darasi, da dare a sauke farin allo. Kana zaune a kan kujerar da wani ya rubuta lissafi ɗazu, a bayanka kuma ɗalibai ne a ɗakin injin haska fim, wasu lokutan har da tsohon faifan nan mai naɗi suke ɗorawa. Mai karɓar tikiti ɗalibi, mai talla ɗalibi, mai lissafin kuɗi ɗalibi. Wace jami'a ce a Arewa ba ta da zauren lacca da ke zama a kulle daga magariba har wayewar gari?

Abin da ke ci mini rai shi ne mu ba baƙi ba ne a wannan fage. A Zariya, a 1958, ɗaliban kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyar masu zane wadda ta fitar da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, mutanen da ba a rubuta tarihin zanen zamani a Afirka ba tare da sunayensu ba. A tsakiyar shekarun 1970 jami'ar ta gina dandalin wasan kwaikwayo da jar ƙasa, bisa tsarin gidan Bahaushe: ɗakuna zagayayyu, katanga ta haɗe su, fili a tsakiya, sararin sama ne rufinsa. Har yau masana gine-gine na ƙasashen waje suna ambaton sa. Daga nan ne malamai da ɗalibai suka riƙa fita zuwa Samaru da ƙauyukan kewaye suna shirya wasa tare da manoma a kan matsalolin manoman, abin da ya zama darasi ga jami'o'in wasu ƙasashen Afirka. A 1988 kuma jami'ar ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa na dakta. Wato akwai lokacin da jami'a a ƙasarmu ta yarda cewa mai kalangu malami ne, kuma mutumin gari abokin aiki ne.

Yau fa? Zauruka sun ƙaru, ba su ragu ba. Asusun tallafa wa manyan makarantu ya gina su birjik, kusan duk harabar da ka shiga za ka ga sunansa a jikin bango. Amma yawancinsu ranar yaye ɗalibai, ko laccar sabon farfesa, ko taron ƙaddamar da littafin wani babba ake share su. Gini yana da saurin samun kuɗi saboda ana yanka ƙyalle a ɗauki hoto. Albashin mai kula da zaure da man janareta na daren Alhamis ba su da mai nema musu. Ɗaliban sashen wasan kwaikwayo sukan shafe makonni suna atisaye, su nuna wasan sau ɗaya don a ba su maki, 'yan ajinsu su tafa, shi ke nan. Mai shago a bakin ƙofar jami'ar bai ma san an yi ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba na raina shi: tarbiyya. Mun ga yadda aka soke shirin gina ƙauyen fim a Kano a 2016 bayan malamai da jama'a sun nuna ƙin amincewa. Iyayen da ke tsoron cakuɗuwar maza da mata da dare ba mahaukata ba ne. Ni ma a nan akwai abin da ba na so. Ana sayar da giya a farfajiyar cibiyar, akwai wasannin da ba zan kai iyalina ba, kuma tikitin manyan makaɗa ya fi ƙarfin talaka, shi ya sa wani daren za ka ga zauren cike da masu furfura 'yan unguwannin masu hali. Ba na cewa a kwaso wannan a kai mana. Amma rufe zaure bai hana matasa kallo da sauraro ba, sai dai ya mayar da kowa cikin wayarsa, inda babu mai zaɓa masa, babu wanda zai tattauna da shi. Zauren jami'a kuwa yana da fitila, yana da shugabanni, ana iya farawa bayan la'asar a tashi kafin magariba, a ware wurin zaman iyali, a kuma san wanda za a tuhuma idan an kauce hanya. Idan akwai wurin da ya dace a gwada nishaɗi mai mutunci a bainar jama'a, to nan ne.

Kuma muna da abin da su ba su da shi. Masu kallo a nan shiru suke yi kamar ana jarrabawa, sai an gama su tafa. Mu kuwa mai sauraro yana amshi, yana gyara wa mawaƙi zance, yana tashi ya yi liƙi. Ka kawo mai kukuma ko mai gurmi, ko tsohuwa mai kiɗan ƙwarya da 'yan amshinta, ko sha'iri ya rera rubutacciyar waƙa a gaban ɗalibai ɗari biyar, ba ka buƙatar koya wa kowa yadda zai ji daɗi. Tsofaffin makaɗan nan suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, da yawansu ba a taɓa naɗar muryarsu da na'ura mai kyau ba, alhali sassan nazarin Hausa suna rubuta kundaye a kansu. Masu shirya finafinan Hausa ma, tun da kasuwar faifai ta mutu suka koma YouTube, ba su da inda za su zauna da masu kallo ido da ido a tambaye su me ya sa labarin ya tafi haka. Ɗalibin da ya riƙe fitila da sauti a irin wannan zaure na shekara uku ya fita da sana'a a hannu, ko da takardar digirinsa ba ta samo masa aiki ba.

Ba sai an gina komai ba. Jami'a ɗaya ta ware yamma ɗaya a mako, ta buga jadawalin zango guda tun farkonsa, ta sanar a rediyo da Hausa, ta umarci masu gadi su bar mutanen gari su shigo, ta sa kuɗin shiga da ɗan acaɓa zai iya biya. Kada kuma a ɗora wa malamin da ke fama da ɗaruruwan takardun jarrabawa. A ɗauki mutum ɗaya wanda wannan ne aikinsa, a ba shi mabuɗin zauren da kuɗin mai na zangon gaba ɗaya, a ƙarshen zango a tambaye shi mutum nawa suka zo daga cikin gari.