Ganyen da ke jikin robar sabulu ba shaida ba ne

Kwanakin baya uwargida ta aike ni sayen sabulun wanke-wanke. A kantin na tarar da robobi biyu jere da juna. Ɗaya fara ce, ba wani ado. Ɗayar kuwa kore shar, da hoton ganye da ɗigon raɓa, an rubuta mata kirari da Turanci cewa daga tsirrai take kuma ba ta cutar da muhalli. Kuɗinta ya kusa ninka na farar. Na juya bayanta in ga abin da aka zuba a ciki, sai na tarar babu jerin sinadarai, sai ƙarin yabo. Na mayar da ita inda na ɗauko.

Dabarar tsohuwa ce. A 1986 wani Ba'amurke mai fafutukar kare muhalli, Jay Westerveld, ya yi rubutu kan otal-otal da ke roƙon baƙi su maimaita amfani da tawul wai don a ceci duniya, alhali abin da ke gabansu rage kuɗin wanki ne. Shi ya raɗa wa ɗabi'ar suna da Turanci, mai nufin wanke kai da launin kore. Ni dai fentin kore nake ce mata: a shafe waje, ciki yana nan yadda yake.

Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. A watan Agustan 2022 hukumar sa ido kan tallace-tallace ta Birtaniya ta hana wata tallar sabulun wanki na Persil, mallakar Unilever, wadda ta ce sabulun ya fi tausaya wa duniya. Kamfanin yana da hujjarsa: sabulun na fitar da datti ba sai da ruwa mai zafi sosai ba, kuma rabin robarsa daga tsohuwar roba aka sarrafa. Hukumar ta ce hakan bai isa ba. Ya fi tausayi fiye da wane? Duk mai irin wannan da'awa sai ya nuna lissafin rayuwar kayan gaba ɗaya, tun daga inda aka samo kayan haɗi har zuwa inda robar za ta ƙare. Wannan tambaya, "fiye da wane?", ita ya kamata mai saye ya riƙe a aljihu.

Wani bincike da Hukumar Tarayyar Turai ta yi a 2020 ya gano cewa kashi 53 cikin ɗari na irin waɗannan da'awowi ko dai ba su fito fili ba, ko suna yaudara, ko ba su da tushe. Shi ya sa a 2024 suka kafa dokar da ta haramta rubuta "mai kare muhalli" haka siddan ba da shaida ba, aka tsara ta fara aiki daga Satumban 2026. To, mu fa? Lambar NAFDAC da muke dubawa tana da muhimmanci, amma abin da take nunawa shi ne an yi wa kayan rajista, ba ta ce komai kan abin da ruwan wankin zai yi wa rafi ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta haramta talla mai yaudara, hukumar ARCON kuma aikinta ne tantance talla kafin ta fita. Abin da ya rage shi ne su ɗauki kalmar "kore" a matsayin da'awar da sai an tabbatar, kamar yadda ake yi wa mai cewa maganinsa na warkar da ciwon suga.

Sai dai fentin kore ba a manyan kantuna kaɗai yake ba, kuma nan ne nake so mu tsaya. Akwai sabulun ruwa da ake haɗawa a gida a ɗura a tsofaffin robobin ruwa, ana tallarsa a WhatsApp da cewa "haɗin gida ne, babu kemikal". Sana'a ce mai kyau, ta rufa wa mata da yawa asiri, kuma sake amfani da tsohuwar roba abin yabo ne. Amma duk wanda ya taɓa leƙa ajin koyon haɗin ya san ana sa kostik soda, da salfonik asid, da tegzafon. Wasu suna ƙara STPP, wasu suna sa fomalin don kada ya lalace. Fomalin ɗin nan, hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa sinadarinsa cikin masu haddasa kansa tun 2004. STPP kuwa fosfet ne, wato taki. Idan ya bi kwata ya shiga ruwa sai gansakuka ta yi ta haɓaka, in ta ruɓe ta cinye iskar da kifi ke shaƙa. Haka tafkin Erie na Amurka da Kanada ya sha fama a shekarun 1960, kuma Turai ta taƙaita fosfet a sabulun wanki tun 2013. Ruwan wankin Kano ba ya ɓacewa. Rafin Jakara yake shiga, ga kuma masu lambu a gaba.

Maganar "babu kemikal" ma ba ta da kai. Kanwa sinadari ce, toka ma haka, har gishirin miya. Tambayar ita ce wanne, kuma nawa.

Haka batun sabulu "mai kashe ƙwayoyin cuta". A 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa sinadarai 19 a sabulun wanke hannu da jiki, ciki har da tirikilosan, saboda kamfanoni sun kasa nuna cewa sun fi sabulu da ruwa zalla amfani. An daɗe ana biyan kuɗin kirari, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Ni abin da nake dubawa kaɗan ne. Jerin sinadarai a jikin kaya, da adireshin mai yin sa. In kayan waje ne, tambarin wata hukuma mai zaman kanta, irin furen Tarayyar Turai da aka fara a 1992 ko Blue Angel na Jamus tun 1978, ba ganyen da kamfani ya zana wa kansa ba. Sannan mazubi: babbar roba guda da za a sake cikawa ta fi ƙananan ledojin omo hamsin da za su toshe kwata da damina. Na san mai sayen na leda ba son ransa ba ne, kuɗin hannunsa ke nan. Amma maƙwabta uku na iya haɗa kuɗi su sayi babba su raba.

Mafi sauƙi kuma, a rage zubawa. Mun saba auna tsafta da yawan kumfa, alhali kumfa ba ita ke cire datti ba, sai dai ta ci ruwan ɗauraya. Bilic ba kore ba ne ko kaɗan, amma lokacin kwalara ba a wasa da shi. A tsarma shi yadda aka rubuta, kada kuma a haɗa shi da ruwan wanke masai mai asid, don hayaƙin kulorin yake fitarwa.

Ranar dai farar robar na sayo, saboda ita ta faɗi abin da ke cikinta. Da na kai, uwargida ta juya ta, ta ce ai gindin tukunya har yanzu da toka da soso take goge shi.