Ranar da Lasifika ta Tona Mini Asiri

A gungunmu da ke tsakiyar Kogin Kwara, ƙasa da Yauri, babu mai riƙe sana'a guda, domin ba mu da yawan da za mu yi wannan almubazzaranci. Tun da ruwan madatsar Kainji ya cinye gonakin kakanninmu a 1968 kowa ya koyi kame-kame. Ni da safe malamin firamare ne, da rana mai cajin waya, da yamma mai aski, kuma duk ranar da ladan ya tafi su, ni ne nake kiran salla.

Ranar Alhamis ɗin nan surukina ya zo aski. Na kai rabin kai ke nan injin ya mutu, saboda wayoyin jama'a sun shanye batirin sola tas, ga kuma La'asar ta yi, ladan yana can yana jan koma. Na bar dattijo da tawul a wuya, na ruga masallaci, na kira salla, na ajiye makirfo ban kashe ba. Sai ga wani ɗalibina ya leƙo ya ce, “Malam, Baba ya ce yana jira.” Ni kuwa, cikin gajiya, na ce, “Ya yi haƙuri, ai kan nan nasa kamar albasar Yauri yake, ba a gama shi da wuri.”

Na ji muryata ta fita ta lasifika, ta tsallaka ruwa, ta bugi gaɓa, ta dawo mini da kalmar albasa sau biyu. Masunta suka tsayar da filafili. Dattijo ya shigo sahun farko da hula har kunne, ya tsaya daidai bayana, kuma da yake liman ya tafi ta'aziyya, ni na ja sallar, gumi yana bin bayana.

Wadda ta fi ƙona mini rai ita ce tsohuwar nan mai banda, wadda nake bi kuɗin cajin wata uku, amma ita ce ta aiko jikarta gidana da albasa biyu a faranti, wai a gaida mai aski. Har yau ba ta biya ba, kuma wayarta tana shagona yanzu haka. Surukina dai ya koma wajen wanzami a Yauri, maiɗakina kuma ta yanka albasar a miya.