Maigida ya yi ritaya, katin asibitin matarsa fa?

Makon jiya na raka Anti, matar kawuna, asibiti karɓo maganin hawan jini. Ta miƙa katin inshorar lafiya kamar yadda ta saba. Yarinyar da ke kan kwamfuta ta danna, ta sake dannawa, ta ɗago kai ta ce, "Hajiya, ai babu sunanki a jerin nan." Muka kalli juna. Sai a lokacin ta faɗo mana: Kawu ya ajiye aiki. Shi shekararsa 60, ita 41, autarsu tana aji uku a firamare. Kuɗin cefane Anti ta kwance daga bakin mayafi ta biya maganin.

Inshorar ma'aikacin gwamnatin tarayya a jikin albashi take rataye. Tana ɗaukar ma'aikaci, da matarsa ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ranar da ya cika shekara 60, ko shekara 35 yana aiki, albashi ya tsaya, katin ma ya bi shi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk lokacin da aka tayar da zancen lafiyar 'yan fansho, dattijon kawai ake hangowa. To a nan Arewa su wa dattijan suke aure? Da yawa sun girmi matansu da shekara goma sha biyar, wasu ashirin. Wata ma haihuwa ba ta ƙare mata ba. Ita ba ta yi ritaya ba, amma an yi mata. Maigida ya shekara biyu yana lissafin shagon da zai buɗe, bai taɓa tambayar wa zai biya ba idan aka ce sai an yi wa amarya tiyata.

Kuma hanyoyin suna nan. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda Buhari ya sa wa dokarta hannu a 2022, tana da shirin GIFSHIP na ɗaiɗaikun mutane da iyalai. Ana biyan kuɗin shekara, ba ruwansu da wurin aikinka. Jihohi ma suna da nasu, KSCHMA a Kano, KADCHMA a Kaduna. Ga masu ɗar-ɗar da kalmar inshora, taimakekeniya ake kiran ta Kano. In matar tana aikin gwamnati, ta yi rajista da sunanta, sai ta ɗauki mijin da yaran. Na san wasu mazan za su ji wani iri a ce su ne a ƙarƙashin katin mace. Su ji mana, ciwon suga bai san girman kai ba. Kamfanonin inshora masu zaman kansu kuwa akwai tsada, sannan a karanta sharuɗɗansu da kyau kan ciwon da mutum ya zo da shi.

Ra'ayina, kada a jira kuɗin sallama, kowa ya san yadda yake jan ƙafa. A yi rajistar tun albashi bai yanke ba, domin ba ranar da ka biya ake fara duba ka ba, akwai kwanakin jira.

Da muka koma gida na faɗa wa Kawu. Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba." Jibi za mu je ɗaukar hoton fasfo, ita da yaran.