Bizar ƙwararru a Ostireliya: jiha ke zaɓe, Kanbera ke riƙe da ƙofa

A watan Agustan 2023 gwamnatin jihar Yammacin Ostireliya ta samu saƙo daga gwamnatin tarayya da ke Kanbera, babban birnin ƙasar, cewa a wannan shekarar kuɗi mutum 2,350 kacal aka yarje mata ta tsaya wa su samu bizar ƙwararru. A shekarar da ta gabace ta kuwa guraben da aka ba ta sun haura 8,000. Firimiyan jihar, wato shugaban gwamnatinta, Roger Cook, jam'iyyarsu ɗaya da Firaminista Anthony Albanese, amma hakan bai hana shi fitowa fili ya koka ba. Jiharsa na neman magina da ma'aikatan jinya ido rufe, ga shi an zaftare mata kusan kashi 70 cikin 100 na kasonta. Kuma ba ita kaɗai abin ya shafa ba. Jimillar guraben da aka raba wa jihohi shida da yankuna biyu na ƙasar ta faɗo daga sama da 60,000 zuwa 16,700 a tsakanin shekara guda.

Gwamnatin tarayya tana da hujjarta. Waɗanda jihohi suka tsaya wa a baya sun yi yawa, takardunsu na jibge ba a gama dubawa ba, don haka babu amfanin ƙara wasu a kai. Hujja ce mai kama hankali. Sai dai a duk wannan ja-in-ja tsakanin firimiya da minista, ban ji an tsaya a kan mutumin da ya fi kowa asara ba, wato wanda ya biya kuɗin jarrabawar Turanci, ya biya na tantance takardun karatunsa, ya shigar da sunansa yana jiran kira, aka kuma sauya lissafin ba tare da kowa ya ce masa uffan ba. Ra'ayina shi ne jihohi sun cancanci su riƙa zaɓen ƙwararrun da suke so, amma yadda ake tafiyar da tsarin a yanzu, duk wata kasada an tattara ta an ɗora wa mai neman biza.

Ga wanda bai san tsarin ba, zai fi saurin fahimta idan ya tuna yadda ake rabon kujerun aikin hajji: ana ba ƙasa adadi, hukumar tarayya ta raba wa jihohi, kowace jiha ta cike nata kason da mutanen da ta tantance, amma bizar ba a hannun jiha take ba. Haka abin yake a can. Ma'aikatar harkokin cikin gida ta tarayya ce kaɗai ke ba da biza. Tun 2012 mai nema yake shiga shafin SkillSelect ya bayyana sha'awarsa, a auna shi da maki gwargwadon shekarunsa, Turancinsa, karatunsa da daɗewarsa a bakin aiki. Mafi ƙarancin maki 65 ne tun 2018. Wanda makinsa ya yi sama sosai, tarayya na iya gayyatarsa kai tsaye ya nemi biza mai lamba 189, ya zauna duk inda ya ga dama. Wanda jiha ta tsaya wa, ana ƙara masa maki 5 a biza mai lamba 190, wadda ita ma ta zaman dindindin ce. Idan kuma ya yarda ya zauna a wajen manyan birane, ana ƙara masa 15 a biza mai lamba 491, ta shekara biyar, wadda aka ɓullo da ita a Nuwamban 2019.

Maki 5 ba wani abu ba ne a ido, kuma ba su ne ainihin ribar ba. Ribar ita ce da zarar jiha ta tsaya maka, gayyata ta zo kenan, ka fita daga tseren da ake yi da dubban injiniyoyi da akantoci masu maki 90 ko fiye. Shi ya sa guraben jiha suka zama abin rububi.

Akwai masu ganin a soke wannan hanya ɗungurungum. Cibiyar bincike ta Grattan da ke Melbon ta ba da wannan shawara a 2024: a rufe bizar jihohi da ta yankuna, a bar layi ɗaya tak, mai maki mafi yawa ya wuce. Dalilinsu shi ne waɗanda ke shiga ta hannun jihohi, musamman masu bizar yankuna, a jimlace ba sa samun albashi kamar waɗanda tarayya ke ɗauka kai tsaye, saboda haka harajin da za su biya tsawon rayuwarsu bai kai na waɗancan ba. Ban raina wannan magana ba. Gaskiya ne wasu jihohi sun riƙa amfani da gurabensu wajen jan ɗaliban ƙasashen waje zuwa makarantunsu, ta yadda wanda ya yi kwas na shekara biyu a Hobart ko Adelaide yake shan gaban wanda ya fi shi ƙwarewa amma bai taɓa taka jihar ba.

Duk da haka ban yarda a soke ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Ostireliya jihohi ne ke tafiyar da asibitocin gwamnati da makarantun gwamnati, su ne ke ɗaukar ma'aikatan jinya da malamai, su ne jama'a ke tsine wa idan ɗakin haihuwa ya rufe a wani ƙaramin gari. Ƙasar na da mutane wajen miliyan 27, amma Sidni da Melbon kaɗai sun kwashe fiye da miliyan 10. Idan aka ce layi ɗaya, mai maki ya wuce ya zauna inda yake so, kowa ya san inda zai nufa. Lissafin haraji ba ya nuna darajar ungozoma guda a garin da babu wata sai an yi tafiyar awa uku a mota. Albashinta ba zai taɓa kamo na mai rubuta manhajar kwamfuta a wani banki na Sidni ba, amma wannan ba ya nufin ƙasar ta yi asara da ta shigo da ita.

Inda gizo ke saƙar shi ne rashin tabbas. Shekarar kuɗi a can tana farawa ne ranar 1 ga Yuli, amma sau da yawa sai an yi makonni, wani lokacin watanni, kafin jihohi su san kasonsu. Bayan 16,700 na 2023, kason ya koma sama da 26,000 a shekarar da ta biyo baya, sannan ya sake sauka. Kowace jiha kuma da nata sharuɗɗan. A jihar Biktoriya sai ka sake yin wata rajista ta daban a shafinta. Yankin babban birni, Kanbera, yana da nasa jadawalin maki. Wata jiha ba ta kallon wanda ke wajen ƙasar sai a 'yan sana'o'i ƙalilan, wata ta buɗe yau ta rufe bayan 'yan kwanaki don guraben sun ƙare. Sana'ar da ke cikin jeri bana tana iya ɓacewa baɗi.

Jiha dai ba ta tsufa, ma'aikata ma haka. Mai nema ne agogo ke bugawa a kansa. Daga shekara 25 zuwa 32 yana da maki 30 na shekaru. Ranar da ya cika 33 ya rasa 5, ranar da ya cika 40 ya ƙara rasa 10, idan ya kai 45 ba a gayyace shi ba an rufe masa ƙofa baki ɗaya. Sunan da ya shigar a SkillSelect shekara biyu yake yi ya faɗi. Sakamakon jarrabawar Turanci da takardar tantance sana'a su ma suna da wa'adi, galibi shekara uku, kuma kowanne sai an sake biya. Saboda haka shekara guda ta ƙarancin gurabe, wadda a wurin jami'in gwamnati gyaran lissafi ce kawai, tana iya zama ƙarshen zance ga mai shekara 39. Ba a ce masa an ƙi shi ba balle ya san matsayinsa ya kama wani abin. Ana barinsa ne yana jiran gawon shanu.

Sai kuma batun fifiko wajen duba takardu, wanda dillalan biza suka fi yayatawa. Ko da jiha ta tsaya maka, ka shigar da takardunka cikin kwana 60 da aka ba ka, ka biya kuɗin biza da ya haura dalar Ostireliya 4,000, ba bisa wanda ya riga zuwa ake duba fayil ba. Minista ne ke fitar da umarni ya jera wa za a fara dubawa. Lokacin korona an yi jerin sana'o'i na musamman. A Oktoban 2022 ministan shige da fice na lokacin, Andrew Giles, ya soke wannan jeri ya sa ma'aikatan lafiya da malaman makaranta a gaba. A Disamban 2023 aka sake sabon umarni, wanda kamfani ya ɗauka aiki a yankunan karkara ya koma na farko, lafiya da koyarwa suka koma na biyu. Sau uku kenan ana sake jera layin cikin 'yan shekaru, kuma kowane sabon umarni yana hawa kan waɗanda suka riga suka biya kuɗinsu suna jira.

Ba na jayayya da sa ma'aikaciyar jinya a gaba. Kowace gwamnati mai hankali haka za ta yi. Abin da ba a so a faɗa shi ne fifiko ba ya ƙara gurbi ko ɗaya. Adadin bizar dindindin na shekara an riga an yanke shi: 195,000 a 2022, ya koma 190,000, sannan 185,000. Duk wanda aka matsar gaba, wani aka tura baya. Wanda aka tura bayan kuwa yana iya zama injiniya ko makanike da wata jiha ta duba buƙatunta ta ce shi take so. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Idan har tarayya ta ba jiha gurbi, jiha ta cike shi, da wane dalili za a ajiye fayil ɗin fiye da shekara? Ko dai an yarda da hukuncin jihar ko ba a yarda ba.

Bizar 491 ta fi nuna rashin daidaiton. Mai 190 alkawari kawai yake yi cewa zai zauna a jihar shekara biyu, kuma da yake bizarsa ta dindindin ce, in ya tattara ya koma Sidni da wuya a iya yi masa wani abu. Mai 491 kuwa sharaɗi ne a rubuce a jikin bizarsa: a yanki zai zauna, a can zai yi aiki, sai ya shekara uku ya nuna takardun harajinsa kafin ya nemi ta dindindin mai lamba 191. Abin dariyar shi ne ma'anar yanki a wurinsu. Ko'ina yanki ne in ban da Sidni, Melbon da Birisben. Perth mai mutum sama da miliyan 2 yanki ce, Adelaide yanki ce, Kanbera babban birnin ƙasar ma yanki ce. To mutumin da aka ba zaɓi tsakanin Perth da ƙauyen da ke tsakiyar hamada, ina ake zaton zai je? An ɗaure baƙo da igiya, amma garuruwan da aka ce don su aka yi dokar ba su ne suka fi cin moriyarta ba.

Gwamnatin Albanese ta san da waɗannan matsaloli. Kwamitin Martin Parkinson, wanda gwamnatin ta kafa ya binciki tsarin shige da fice, ya bankaɗo da yawa daga cikinsu a 2023, ministar cikin gida ta lokacin, Clare O'Neil, ta fito ta ce tsarin ya lalace, aka kuma yi alkawarin a riƙa tsara adadi na shekaru da dama a jere tare da jihohi maimakon shekara ɗai-ɗai. Wannan shi ne gyaran da ya fi kowanne sauƙi, kuma shi ya fi amfani. A ba kowace jiha kason shekara uku ko huɗu ta san abin da take da shi. A tilasta mata ta buga sharuɗɗanta da makin da ta tsaya a kai a zagayen baya, don wanda ba shi da rabo ya sani tun kafin ya kashe kuɗinsa. A kuma sa wa ma'aikatar wa'adin yanke hukunci kan duk fayil ɗin da jiha ta riga ta amince da shi. Amma ko a 2025, sai cikin Satumba aka sanar da adadin shekarar, wata biyu bayan ta fara.

Wannan zance ya shafe mu ta fuska guda da ba za a kauce mata ba. Sana'ar da aka sa a sahun gaba a can, ita ce muka fi ƙaranci a nan. Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi da Sudan duk suna cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin waɗanda bai kamata a riƙa zuwa ana kwasar ma'aikatan lafiyarsu ba. Jerin bai hana mutum ya nema da kansa ba, kuma ni ba zan ga laifin ma'aikaciyar jinyar da ta gaji da bin bashin albashi ta nemi mafita ba. Amma ta shiga da idonta biyu. Fasfo ɗinta ba ya cikin biyar ɗin da aka ɗauke wa jarrabawar Turanci, wato na Birtaniya, Amurka, Kanada, New Zealand da Ireland, ko da da Turanci ta yi karatunta tun firamare. Sai ta samu rajista da AHPRA, hukumar rajistar ma'aikatan lafiya ta ƙasar, sai ANMAC, mai tantance takardun ma'aikatan jinya, ta tantance ta, kafin a zo maganar jiha. Fifikon da ake yi mata tallarsa kuma ba ya fara aiki sai bayan an gayyace ta ta shigar da takardu. Duk dillalin da ya ce mata yana da hanya a wata jiha, ta fara neman lambar rajistarsa a shafin OMARA, hukumar da ke yi wa dillalan biza rajista. Ko mai rajistar ma ba shi da ikon yi mata alkawarin gurbi, domin jihar kanta ba ta san nawa za a ba ta a Yuli mai zuwa ba.